Kafin magini ya yaɓe bango

A gidan hayar da muka zauna a unguwar Talladje, wayoyin tele a fili suke, sun bi bango kamar yaɗon kabewa. Wata rana autana yana rarrafe ya kama guda ya ja, akwatin Canal+ ya faɗo daf da kansa. Allah ya kiyaye, amma ban manta ba.

Da Allah ya hore mana fili a gefen birnin Yamai, gini ya kai ga yaɓe, sai magini ya ce ranar Litinin zai fara. Na ce ya dakata.

"Malam, waya ai ko bayan fenti ana jan ta," in ji shi.

Na ce, "Haka ne, Baba, amma sai an fasa bangon da na sayi simintinsa."

Na ɗauko mai aikin wuta, muka zaga falo da alli a hannu. Muka shata inda tele za ta zauna, da inda lasifika biyu za su rataya a bayan kujeru. Daga nan muka nufi kasuwar Katako sayen tiyo. Ya koya mini abu uku. Wayar wuta tiyonta daban, ta eriya da ta sauti nasu daban, don kada sauti ya riƙa ƙugi. Soket yana son waya mai kaurin 2.5, fitila kuwa 1.5 ta ishe ta. Sannan a bar tiyo guda babu komai a ciki sai siririyar wayar ja, ya haura har rufi. Duk wanda ya sha duhun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, ya san wata rana zai nemi hanyar sauko da wayar sola. Kafin a rufe, na ɗauki hoton kowane bango da salulata.

Gardamar da ta fi zafi a gida aka yi ta. Manyan yarana suka nemi a kai wayar eriya ɗakinsu. Na ƙi, uwarsu ma ta goya mini baya. Shekaruna a aji sun nuna mini ɗalibin da ya kwana gaban allo: ƙarfe takwas na safe kansa na kan tebur. Kallo a falo za a yi shi, inda kowa ke ganin abin da kowa ke kallo. A ɗakinsu soket biyu muka sa, kusa da teburin karatu.

Iyaye ƴan'uwana masu gini, ku zauna da iyalinku ku yanke wannan shawara tun bulo yana tsirara. Tiyo araha ne, kwana uku kawai aikin ya ci mini. In siminti ya bushe, gyara sai da guduma.