Guntun Gatarinka

Hausawa kan ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwai wani Bakano da ya yi zaman neman kuɗi a Doha, babban birnin ƙasar Katar, wanda ya san ma'anar wannan karin magana tun yana saurayi. A wancan lokaci lebura ne a Kano, yana fasa tsohon daɓe da kankare da guduma da kurfi. Wata rana ya sami aikin fasa dakalin wani kanti, sai ya aro babbar guduma wurin maƙwabcinsu. Rana ba ta yi tsaka ba, sai ga maƙwabcin ya zo ya ce shi ma aiki ya taso masa. Ya karɓe gudumarsa a gaban mai kanti da mutanen da ke zaune. Aikin ya tsaya, aka ba wani. Saurayin ya koma gida ba ko sisi, amma kunyar da ya sha ta fi rashin kuɗin yi masa ciwo.

A shekarar 2015 ya sauka Doha. Tun watan Disamba na 2010, da aka ba Katar damar karɓar baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2022, birnin ya zama filin gini. Ana rushe tsohuwar unguwar Mushairib ana sake ta, ana haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin gari, ana kafa sabon birnin Lusail a arewa. Ma'aikata sun zo daga Indiya da Nepal da Bangaladash da Kenya da sauran ƙasashe. Shi kuwa aka ba shi gado a wani ɗaki a unguwar masana'antu, wadda ake kira Sana'iyya, aka sa shi cikin masu haƙa ramin bututu a gefen titi.

Ƙasar Doha ba irin ta Kano ba ce. In an kau da ɗan yashin da ke sama, sai a tarar da dutsen farar ƙasa, wanda diga ba ta cinsa sai da baƙar wahala. Nan ne ya fara riƙe gudumar lantarki, wato injin fasa kankare. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai. A cikin injin akwai mota mai juya wani fistin. Fistin yana matse iska, iskar tana tunkuɗa wani dunƙulen ƙarfe, shi kuma yana dukan gindin kurfi fiye da sau 1,000 a minti ɗaya. Aikin da yakan wuni yana yi a Kano, a nan kafin a sha shayin hantsi an gama shi.

A ranar farko ya danna injin da dukan ƙarfinsa, kamar mai kokawa da ƙato. Kurfin ya nutse a tsakiyar kankare ya maƙale, ba gaba ba baya. Wani dattijo Basudane, wanda ya daɗe a aikin, ya zo ya taimake shi suka zare shi. Sa'an nan ya nuna masa dabara. Kankare yana jure nauyi, amma ba ya jure abin da zai buɗa shi. Saboda haka daga gefe ake farawa, inda ɓallin zai sami wurin faɗuwa. Ba a danna inji, nauyinsa ya isa. Ba a kuma yin banƙara da kurfi, don yakan karye. In an ci karo da rodi, sai a tsaya a yanke shi da wani injin dabam. Dattijon ya ce masa, "Yaro, kai dai riƙe shi, ka bar shi ya yi aikinsa."

Shekara shida ya yi a wannan kamfani. Kowace safiya yakan sa hannu a takarda ya karɓi inji, da yamma ya mayar. Injin na kamfani ne, kayan da ke jikinsa na kamfani ne, har izinin zamansa a ƙasar yana rataye da kamfani, bisa tsarin da ake kira kafala. A ƙarƙashin wannan tsari ma'aikaci ba ya canza wurin aiki sai da yardar wanda ya kawo shi. A shekarar 2020 gwamnatin Katar ta soke wannan sharaɗi, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2021: riyal 1,000 a wata, da riyal 500 na masauki da 300 na abinci, in kamfani bai ba da su ba. Ba kowa ne ya sami sauƙin canjin ba, domin doka a takarda dabam, aiki da ita dabam. Amma shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo. Ya koma wani ƙaramin kamfani mai gyaran gidaje da kantuna.

Wannan kamfani ba shi da injin fasa kankare, hayarsa yake yi duk ranar da ake bukata. Da Bakanen ya lura da haka, sai ya je wurin mai kamfani ya ce, in ya sayi nasa, ko za a riƙa ba shi kuɗin hayar? Mai kamfani ya amince. Wata takwas yana tsimi, ya rage ko da katin waya. Ran nan da yamma ya tafi kasuwar gwanjo ta Haraj, ya duba inji huɗu, ya saurari kukan kowanne, ya zaɓi wani mai nauyin kilo 16, fentinsa ya goge amma cikinsa lafiya lau. A daren ya kira mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa.

"Inna, yau na sayi inji nawa na kaina."

"Mai sunan Malam, injin me? Na niƙa?"

"A'a, Inna, na fasa dutse ne."

Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "To, Allah ya sa alheri. Ka dai kula da jikinka."

Ya ce amin, amma maganar ƙarshen ba ta zauna masa ba. Injin ya samu kulawa irin wadda bai taɓa yi wa na kamfani ba. Kullum yakan goge masa ƙura, ya shafa giris a gindin kurfi, ya duba wayar ko ta sami rauni, ya naɗe ta a hankali. In bakin kurfi ya dakushe, ya kai a wasa. Da dare a ƙarƙashin gadonsa injin ke kwana, cikin akwati mai kwaɗo. Abokan ɗakinsa suka sa masa suna Mai Guduma, suna tsokanarsa wai ya yi amarya.

Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba, wato wani ya taɓa masa inji. A babban kamfani akwai jami'in kiyaye haɗari, wanda ke sa a yi karɓa-karɓa, kowa ya riƙe na ɗan lokaci ya miƙa wa wani. Akwai kuma dokar da aka tsananta a 2021, wadda ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Amma yanzu aikinsa na cikin gida ne, ɓamɓare tayil da fasa bango da daɓen banɗaki. Babu jami'i, babu mai cewa ya isa. Shi kaɗai yake riƙe injin tun safe har la'asar, musamman a watannin da suka gabaci gasar, lokacin da kowane mai gida yake gaggawar gyara. Kuɗi ya shigo. Ya aika aka rufa wa Inna ɗaki da kwano, aka biya wa ƙannensa kuɗin makaranta.

Da farko ƙaiƙayi yake ji a yatsu in ya ajiye inji, kamar kiyashi na bin su. Bai kula ba. Wata asuba a cikin Janairun 2023, lokacin sanyi, ya yi alwala da ruwan famfo. Da ya idar da salla ya ɗauki carbi, sai ya ga yana ja amma ba ya jin ƙwayoyin. Ya duba hannunsa na dama, ya ga kan yatsu uku sun yi fari fat, kamar ba jini. Gabansa ya faɗi.

Likitan asibitin ma'aikata ya yi masa bayani. Girgizar inji, in ta daɗe, tana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin yatsu, sanyi kuma shi ke tayar da ciwon. In an rage tun da wuri, akan sami sauƙi. In an ci gaba, mutum na iya kai wa ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa. Likitan ya tambaye shi ko yana toshe kunne, ko yana sa takunkumi, domin ƙarar injin tana kashe ji sannu a hankali, ƙurar kankare kuma tana taruwa a huhu ba ta fita. Mai Guduma ya sunkuyar da kai. Ya san ranar da ya sa wa inji giris na ƙarshe, amma bai tuna ranar da ya sa takunkumi ba.

Kwana uku yana saƙa da warwara. Ya sayar da injin ne, ya koma ɗan aro? Ko ya ci gaba, ya koma Kano da hannun da ba ya aiki? A cikin leburorin kamfanin akwai wani matashi Bamaraɗe, wato mutumin Maraɗi ta Nijar, wanda aikinsa kwashe ɓaraguzai a baro. Ya sha roƙon a koya masa, ana hana shi. Ranar huɗu Mai Guduma ya kira shi.

"Ƙanena, zo ka riƙe."

Yaron ya yi turus. "Yaya, ni?"

"Kai fa. Daga gefe za ka fara. Kada ka danna."

Da yaron ya kunna injin, Mai Guduma ya ji kamar ana dukan ƙirjinsa. Sau biyu ya miƙa hannu zai karɓe, sau biyu yana tuna maƙwabcin nan da dakalin kanti, sai ya mai da hannunsa aljihu. Tun daga ranar suka riƙa karɓa-karɓa, suna yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, kowa da abin toshe kunnensa. Daga kuɗin hayar yakan cire wani abu ya ba yaron. Abin da yake aikawa gida ya ragu, Inna kuwa da ta ji dalili ba ta ce komai ba sai, "Lafiya uwar jiki."

Yatsun ba su koma daidai ba sarai. In sanyi ya yi sukan tuna masa. A ƙarshen 2024 ya haɗa kayansa ya koma gida, injin ya biyo shi a cikin kaya. Wutar Kano ta dace da shi, don ƙarfinta kusan ɗaya ne da ta Doha, sai dai ba kullum ake samunta ba, saboda haka ya haɗa da janareta. Ya ɗauki yara biyu aiki. Akan zo aron injin, yakan kuma bayar, amma da sharaɗi biyu: a riƙa hutawa, kuma kada a dawo da shi sai an gama aikin.