Yawon hunturu da yara: Maraɗi, Tibiri, Jiratawa

Ƙarshen Disamba na yi sai shafukanmu su cika da hotunan 'yan uwa mazauna Turai: yara cikin manyan rigunan sanyi, ƙanƙara har gwiwa, bayansu wani tsohon gini a Faransa ko Jamus. Masha Allah, babu hassada. Sai dai a daidai lokacin namu yaran ma suna hutun lakwal, rana ta rage kaifi, kuma da yawansu a Maraɗi aka yanke musu cibiya amma ba su taɓa taka ƙofar fada ba. Hunturu ne kaɗai lokacin da za ka ja yaro yawo da ƙafa a garin nan bai narke maka a hanya ba.

Matsalar ita ce Maraɗi ba ta da tsoffin gine-ginen da za ka nuna da yatsa. Tsohon garin a cikin fadama yake, bakin Gulbi, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tayar da mutane zuwa kan tudu. Shi ya sa titunan tsakiyar gari suka miƙe sambal suna gicciye juna, aikin Turawan Faransa ne. Wanda ya zo neman ganuwa irin ta Kano ko hasumiya irin Gobarau ta Katsina zai koma da hannu biyu. Abin da ya hau tudun tare da mutane sunaye ne: Bagalam, 'Yandaka, Maradawa, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi. Tarihinmu a bakin mutane yake da cikin sarautu, saboda haka yawo da yara a nan sai an haɗa da baki.

Mun fita da hantsi, don sanyin asuba ba abokin yaro ba ne. An shafe yaran da man kaɗe har dunduniya saboda faso, an tura musu hula har kunne, kowa ya sha kunu da ƙosai. A ƙofar fada babbar 'yata ta tsaya tana kallon dogarai da jajayen kayansu, ta ce, "Baba, don me ake cewa Sarkin Katsina alhali a Maraɗi muke?" Tambayar da na so ta yi ke nan. Muka zauna a inuwa na ba ta labarin yadda Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, yadda gidan sarautar ya yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zauna a nan wajen 1819, bai kuma yarda ya ajiye sunan garin da aka raba shi da shi ba. Sarautun Kaura, Galadima, 'Yandaka, Durbi, duk da su aka taho, har gobe suna nan. Ƙaramin ɗana kuwa hankalinsa na kan wani doki da aka ɗaure a gefe. Ban matsa masa ba. Ɗan shekara huɗu doki ya zo gani, kuma dokin ma tarihi ne, tunda a bayansa sarakunan Maraɗi irin su Ɗan Baskore suka hana Katsina barci.

Tibiri ba ta da nisa, kilomita goma da 'yan kai. A mota na ce su lura da yadda mutanen can ke magana, su kuma nemi masu zane a kumatu, tsagar Gobirawa, wadda yanzu sai a fuskar manya. Gargaɗi ɗaya na yi musu: ban da nuna mutum da yatsa. Labarin Tibiri ɗan uwan na Maraɗi ne. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watsu, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sarkinsu Mayaƙi ya kafa musu wannan gari. Gidaje biyu da aka kora suka zauna maƙwabta a bakin gulbi ɗaya. Wani dattijo da muka gaisar a bakin fada ya ji mu Katsinawa ne, nan take ya ce wa ɗana, "Kai bawana, me ka kawo wa ubangidanka?" Yaro ya ɓuya bayan rigata. Sai da na yi masa bayanin wasan taubasantaka irin na ƙabilu, cewa tsokanar zumunci ce. Na tabbata zai manta 1836, amma ba zai manta tsohon nan ba.

Jiratawa muka bari ƙarshe, kuma ita ta fi burge su. Ko'ina ƙura da hazo, sai ga kore shar: filin noman rani da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, famfuna na jawo ruwa daga ƙasa suna zubawa cikin magudanan siminti. Zogale jere-jere, mata na tsinke ganye suna cusawa a buhu, wanda gobe za a ci kwaɗonsa a cikin gari. Yaran da suka ɗauka zogale a roba yake tsirowa suka tsaya baki buɗe. Muka gangara cikin Gulbi, yanzu rairayi ne zalla, suka yi ta tsere. Na ce musu wannan yashin da suke takawa shi ne ruwan da ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa mu, ya sake komawa Najeriya, kuma shi ya tashi garin kakanninsu. Ba su yarda ba. Sai dai in dawo da su da damina.

Ga mai niyya: ruwan sha da yawa, ƙyallen rufe hanci saboda mura, rake ko gyaɗa na toshe bakin mai kuka, kuma a juyo gida kafin la'asar sakaliya, don iskar yamma ba ta da kirki. Kada a haɗa wurare uku rana ɗaya in da mai shan nono. Tafkin Madarumfa mun ajiye shi sai wani jiƙon.

Roƙona ɗaya. Wanda ya ga ambaliyar 1945 yana ɗan shekara 10, yau ya kai 90 ko ya haura. In akwai mai irin wannan kaka a Bagalam ko Maradawa da ke da ƙarfin hira, don Allah a yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina so in kai yaran su gaishe shi kafin a koma lakwal.