Daga Fadamar Gummi Zuwa Duwatsun Shere

Mutumin Gummi ba ya hawa dutse sai da dalili. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, Gulbin Zamfara ya ratsa ta, abin da muka sani shi ne shinkafa da albasa da kamun kifi. Tudu kuwa ba mu neman sa sai ruwa ya kore mu, kamar yadda ambaliyar watan Agustan 2024 ta yi wa garin. Shi ya sa da ɗan yayata mai karatu a Jami'ar Jos ya ce in na zo zai kai ni hawan duwatsun Shere, uwargida ta dube ni ta ce, "Mi ya ɓace maka bisa dutsi?"

Direbobinmu ba su tashi sai rana ta fito sosai, saboda tsoron 'yan bindiga. Daga Daki Takwas zuwa Anka, daga Anka zuwa mararrabar Mayanci, hira takan mutu a mota, kowa ido a daji, baki na motsi da addu'a. Sai an shiga Gusau ake jin mutane sun dawo da muryoyinsu. Gaba kaɗan dutsen Kwatarkwashi ya tare sama, baƙi wuluk, garin na kwance a gindinsa. A da samari kan hau shi kamun mikiya lokacin biki. Yau matafiyi ba ya ko son tayarsa ta yi faci a wannan tsakanin. Muka wuce Tsafe da Funtuwa, na kwana Zariya, kashegari muka bi ta Pambeguwa da Saminaka. Daga Jengre mota ta fara nishi, kunne ya toshe, iska ta sauya. Jos na zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma da yake lokacin hunturu ne, na sauka tasha ina laluben rigar sanyi.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka nufi gabashin gari, wajen madatsar ruwa ta Lamingo, ɗaya daga cikin waɗanda ke shayar da Jos. Tafki ne da mutum ya tare, amma duwatsu sun rungume shi ta yadda ba za ka ce hannu ya taɓa shi ba. Ruwan kore-kore ne, a kwance lumui, hazo na tashi daga kansa. Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne jama'ar da na tarar: ɗalibai, ma'aikatan banki, wata mata da 'ya'yanta biyu, 'yan mata masu hijabi da takalman gudu, samari masu sarƙar gicciye a wuya, kowa da gorar ruwa a jakar goyo. Ba farauta suka fito ba, ba itace ba, ba neman magani ba. Hawan kawai.

Jagoranmu saurayi ne Bajari, daga mutanen Afizere da suka daɗe a waɗannan tsaunuka, Hausarsa tas. Ya dubi furfurata, ya dubi ƙafata, ya ce, "Baba, akwai hanya ta bakin ruwa, wannan yawo ne. Akwai ta kan fā, wannan sai an yi gumi. Ta duwatsun Gog da Magog kuwa sai da hannu da ƙafa, wani wurin har da igiya." Ɗan yayata ya ce, "Kawu, mu bi ta bakin ruwa." Na ce ta tsakiya za mu bi, ban baro Gummi don in zaga tafki ba, muna da su a gida.

Da farko hanyar ta bi gefen ruwa, ta ratsa 'yan gonaki masu shingen ƙyarana inda aka girbe acca. Daga nan ƙasa ta ƙare, sai fā tsirara mai gangare. Babu allo, babu alamar fenti, hanyar tana cikin kan jagora ne. Ya koya mini abin da kowane yaron wurin ya sani: a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, kada a taka da yatsu, kada a amince da busasshiyar ciyawa don ta fi dutsen santsi, kada a sa hannu a kogon da ido bai gani ba. Da damina, in ji shi, gansakuka kan rufe fā, kuma in hadari ya haɗu sauka ake yi ba gardama, saboda aradu. Wani wuri manyan duwatsu sun hau kan juna kamar an jera tukwane a ɗakin amarya, sai mun bi ta ƙarƙashinsu a durƙushe. A nan na gane amfanin wandon da aka ara mini, don da babbar riga na zo da a nan za ta tsaya.

Can sama muka ji waƙar gudu, sai ga ayarin matasa cikin kaki suna haurawa. Makarantar horon Man O' War ce ke nan Shere, reshen cibiyar koyar da shugabanci da kishin ƙasa da aka fara a 1951 a gaɓar teku kusa da Victoria, wadda yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Suka wuce mu kamar ba hawa suke ba.

Ƙololuwar Shere ta kai kusan mita 1,829. Ba ta kai Chappal Waddi na Taraba ba, mai mita 2,419, kuma ni ko ita ɗin ban taka ba, a wata kafaɗa muka yada zango. Amma daga nan ma an ga abin gani. Lamingo ya koma ɗan ƙarami a ƙasa, Jos ta bazu ta yamma. Ruwan da ke sauka a wannan tudu rabuwa yake yi: Dilimi ya nufi arewa maso gabas har ruwansa ya shiga kogin Yobe mai zuwa Tafkin Cadi, kogin Kaduna ya yi yamma zuwa Neja, Gongola ya zaga ya faɗa Binuwai.

Sai idona ya kai kan wasu ƙananan tafkuna masu ƙyalli can nesa, kusa da tarin jar ƙasa. Wata yarinya a ayarinmu ta ce sun yi kyau, ta ɗauki hoto. Ramukan kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga tonon kuza a nan, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso tudun a 1914 aka rufe shi a 1957. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kame Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuzar can, sai aka koma ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa. Shi ne diban gwamna da tsofaffi ke ambata. An kawo talakawa daga ƙasar zafi ba bargo ba isasshen abinci, sanyi da cuta suka kashe da yawa, har aka dakatar da abin a 1944. Kamfanoni sun tafi, ramuka sun cika da ruwa, kuma har yau suna cin yara da dabbobi.

Ba zan iya kallon su da idon mai yawon buɗe ido ba, don ni daga ƙasar zinariya na fito. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Bagega ba a kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. Ramukanmu ba su kai shekarun na Jos ba, kuma ban ga wanda ke shirin cike su ba.

Kada a ce Jos aljanna ce. Garin ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, kuma ƙauyukan Filato na binne mutanensu har gobe. Jagoran ma ya ce ba a hawa a ɗaiɗai, ba a kai magariba a sama. Duk da haka ga shi yaron Unguwar Rogo yana miƙa wa yarinyar Tudun Wada hannu ta haye tsagin dutse, ana raba ƙuli-ƙuli da rake. Na yi taimama na yi azahar a kan fā, wani saurayi Kirista ya matsar da jakunkuna daga gabana ba tare da an ce masa komai ba.

Sauka ta fi hawa wuya. Gwiwa ke biyan bashin, kuma a nan ne jagora ya ce mutane suka fi faɗuwa, don gajiya ta zo, hankali ya riga ya tafi gida. Wani gangaren da zama na sauko shi, ban ji kunyar kowa ba.

A bakin ruwa, muna cin gasasshen dankali, abokan ɗan yayata suka kewaye ni. Sun ga hoton Kwatarkwashi a waya, sun ji labarin madatsar Bakolori ta Talatar Mafara, suna so su shirya ayari. Ɗayansu ya ce, "Kawu, in mun zo za ka yi mana jagora?" Na ce masauki da tuwon shinkafa da kifin gulbi suna wuyana. Dutsen kuwa kada su sa rana tukuna, su bari sai na kira su da kaina.