Kwana ukku a dajin raƙuman dawa

Cikin damanar 2018, wani malamin lakwal na Maradi ya samu hutu. Ya tafi Kure, kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso. Ya sabka a wani ɗakin baƙi bakin gari. Ɗakin laka ne mai rufin ciyawa, da gado da randa.

Da asuba ɗan jagora ya zo, suka shiga daji. Kamin hantsi sai ga raƙuman dawa suna cin ganyen itace, dab da wata gonar hatsi. Mai gona yana noma, ko kai bai ɗaga ba.

Malam ya ce: "Baba, ba su yi muku ɓarna?"

Tsoho ya ce: "Hatsi bai dame su ba. Amma wake, in sun samu sai sun ci. Muna haƙuri. Gwamnati ta hana kashe su, kuma masu zuwa kallo suna barin kuɗi a gari."

A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar, kuma su ke nan a duk Afirka ta Yamma. Da aka tsare su, suka wuce 600. Ƙarshen 2018 an kai 8 gandun dajin Gadabeji, jihar Maradi.

Abin da ya tada hankalin malam shi ne kututture. Ko'ina an sare itace an kai Yamai. Ganyen nan shi ne abincin raƙumin dawa, shi ne na awakinmu da rani. Ƴan uwa manoma da makiyaya, kamin mu ɗora gatari, mu tuna da bisashenmu.