Yini Guda a Barewa Tare da Kawu

Duk wanda ya san Zariya ya san Titin Gaskiya, wanda ya ci sunan Kamfanin Gaskiya, inda aka daɗe ana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan da yawancinmu muka koyi karatun Hausa da su. A bakin wannan titi Kwalejin Barewa take. Ni ba ɗalibinta ba ne, wata sakandaren kwana ta gwamnati na yi, can nesa da Zazzau. Kawuna ne ya yi ta, tun tana amsa sunan Kwalejin Gwamnati ta Zariya, kuma shi ya matsa mini sai na tuƙa shi mun je, wai kafin gwiwa ta gama cin amanarsa.

Da hantsi muka shiga, iskar hunturu na kaɗa busassun ganye a kan hanya. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne yalwar wurin. Waɗanda suka zana makarantar ba su yi rowar fili ba: azuzuwa a nan, gidajen kwana can nesa, filayen wasa a tsakani, ga manyan itatuwan da suka girmi yawancin malaman da ke koyarwa a yau. Tambarin makarantar barewa ce, takenta kuma da Larabci, Man jadda wajada, wanda ya dage zai samu. Kawu da ya fito daga mota yana dogara sanda, sai ga shi ya wuce ni, yana nuni da ita dama da hagu.

Makarantar ba a nan aka haife ta ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, cikin ginin ƙasa wanda har yanzu yana nan, an mai da shi gidan tarihi. A 1938 ta yi ƙaura zuwa Kaduna, a 1949 ta sauka Zariya, sai a 1971 ta ɗauki sunan Barewa. In ana hirarta, abu ɗaya ake fara lissafawa, shugabannin ƙasa biyar: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa. Lissafin gaskiya ne, amma ni ya ɗan gundure ni, don yana rufe dalilin kafa makarantar tun farko. A lokacin, kwalejin horon malamai ce. An gina ta don ta samar da waɗanda za su riƙe alli a makarantun larduna, kuma abin da ɗalibanta na farko suka yi ke nan. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Rabah. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta, a nan ma Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya koma Maru. Shagari malamin kimiyya ne a Sakkwato. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Kafin a kira su da kowace sarauta, Malam ake ce musu.

Wannan ya fi fitowa fili a wajen gidajen kwana, inda Kawu ya fi daɗewa. Kowane gida da sunansa, kuma in ka cire gwamnoni biyu, Lugard da Clifford, da Sarkin Zazzau Ja'afaru, kusan duk sauran sunayen na mutanen aji ne. Akwai gidan Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Akwai Bienemann da Mort, waɗanda suka shugabanci kwalejin. Akwai Nagwamatse, akwai Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja, wanda shi ma ɗalibin Katsina ne da ya yi malanta kafin sarauta. Sai gidan Bello Kagara, wanda ya shekara da shekaru yana koyarwa a kwalejin tun tana Katsina, shi ne kuma marubucin Ganɗoki, yayan Abubakar Imam. A gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933, malamin kwalejin da tsofaffin ɗalibanta biyu, Imam da Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar, suna cikin waɗanda littattafansu suka yi nasara. Yaro ɗan fom wan da ya sauke akwatin ƙarfensa a ɗaya daga cikin gidajen nan, sunan wani malami zai riƙa amsawa har ya gama, da shi zai yi ihu a filin gudu ranar gasar gidaje, da shi kuma za a tambaye shi bayan shekara hamsin. Na gani da idona: mun haɗu da wani dattijo da ya kawo wa jikansa saƙo, suna gaisawa da Kawu, tambayar farko ba ta gari ba ce ko ta aiki. “Wane gida?” Sai ta biyu: “Wace shekara?” Da aka gano Kawu ne siniya da shekara biyu, sai mutumin nan mai furfura ya ƙara rusunawa.

Kawu ya tsaya a bakin wata taga ya leƙa. Gadaje ne na ƙarfe a jere, bokitai a ƙarƙashi, fararen riguna a rataye. Ya nuna mini kusurwar da ya ce nan gadonsa yake, kusa da ƙofa, wurin da ake ba juniya don su fara shan sanyin asuba su kuma fara jin takun hausmasta. Daga nan bakinsa ya buɗe. Abin mamaki, bai ambaci darasi ko ɗaya ba. Mutane yake ta zayyanowa. Wani Ba'indiye mai koyar da lissafi wanda ba ya zagi ba ya duka, sai dai ya tsaya a kanka ya yi shiru har ka gwammace bulala. Wani Bature da ke zuwa firef na dare a kan keke, fitilarsa a kashe, don kada masu gyangyaɗi su farga. Malamin Larabci da ke gane wanda bai yi sallar asuba ba daga yanayin idonsa. Kowannensu da laƙabin da ɗalibai suka raɗa masa, Kawu kuwa har yau in zai faɗi laƙabin sai ya rage murya ya waiga.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma haka nake. A tamu makarantar muna da malamin Turanci wanda ke dawo maka da insha'inka ja wur da biro, ya sa ka sake rubutawa har sau uku, ba maki yake ba ka ba sai ya ga ka daina kuskuren. Mun tsane shi iyakar tsana. Yau duk takardar da zan sa wa hannu a ofis sai na ji kamar yana tsaye a bayana. Gabzar ɗakin cin abinci da kwakin da muke jiƙawa da dare, da noman ciyawa in ka yi laifi, duk sun zama abin raha. Shi kam bai zama abin raha ba.

Wurin da ya fi burge ni shi ne filin fayis, ɗan ɗaki mai bango uku ba rufi, inda ake buga ƙwallo da tafin hannu tana dukan bango tana dawowa. Wasan 'yan makarantar Eton ne ta Ingila, malaman Turawa suka shigo da shi Arewa, ya kuma kama ƙasa har ya zama wasan sarakuna da manyan ma'aikata a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Sardauna ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. A nan da ƙwallon tanis ake yi. Mun tarar da yara huɗu suna bugawa, biyu-biyu, ƙafa ba takalmi, tafin hannunsu ya yi ja. Kawu ya miƙa mini sandarsa ya ce a jefo masa. Bugu ɗaya ya yi, ƙwallon ta tafi inda ta ga dama, yaran suka tafa masa don ladabi. Ya karɓi sandarsa yana cewa iska ce.

Bayan azahar na ɗauka gida za mu nufa, sai ya ce akwai sauran wuri ɗaya. Wani malaminsu na tarihi yana nan da rai a cikin birni, ya haura tamanin da yawa. Muka bi ta Ƙofar Doka, muka kutsa lunguna har inda mota ta ƙi shiga, muka ƙarasa da ƙafa. A zaure muka same shi a kan buzu, rediyo a gefensa, carbi a hannu. Kawu, mutumin da ya yi ritaya da babban muƙami, wanda a gidansa ba mai zama kafin ya zauna, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya jingine sanda, ya durƙusa da gwiwar nan da yake kuka da ita.

“Allah ya gafarta Malam, ɗalibinka ne.”

Tsohon ya ƙura masa ido, ya tambayi gida da shekara, Kawu ya faɗa. Ya yi jim, sannan ya ce, “Kai ne mai rubutu kamar tafiyar kaza. Ka gyara?”

“Ana dai ƙoƙari, Malam.”

“Ba ka gyara ba ke nan.” Ya juyo gare ni. “Wannan fa?”

“Ɗan ƙanwata ne, Malam.”

“To, shi baƙo ne, ya zauna. Kai tashi ka leƙa cikin gida ka ce su kawo masa ruwa.”

Kawu ya miƙe ya tafi aike.