Na sa wa tsohuwar motata allo, ga abin da ya biyo baya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Mutum uku ne a ofis suka tambaye ni inda aka sa mini allon da ke cikin motata, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, har da abin da ban gaya musu ba.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Kwatano. Na saye ta a lokacin da ma'aikaci zai iya haɗa adashi da ɗan rance ya fito da mota, bayan shekara biyar ko shida ya sayar ya yi ciko ya ɗauki wata. Wannan zamanin ya wuce. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Motar waje da kuɗin waje ake sayo ta, kwastan ma da farashin dala suke lissafi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa naira 70,000 ne. To wa yake maganar canza mota? Kowa lallaɓa tasa yake yi. Shi ya sa yanzu duk inda ka leƙa cikin tsofaffin motoci sai ka ga an cire rediyon asali an dasa wani faffaɗan allo. Tunda ba za mu iya sayen sabuwa ba, muna so ko cikinta ya yi kama da sabuwa.

Ni dai ba gayu ne ya kai ni ba, tsoro ne. Wata safiyar Litinin ina kan titin Zariya zan sauke yara a makaranta, sai waya ta yi ƙara a aljihun gaban rigata. Na san oga ne, domin ranar muna da taro. Na zaro ta, na sunkuyar da kai don in ga sunan in latsa. Ɗagowar da zan yi, mai adaidaita sahu ya ci birki a gabana zai ɗauki fasinja. Na taka birki da duk ƙarfina. Allah ya tsare ban taɓa shi ba, amma ƙaramar 'yata ta bugi bayan kujera har leɓenta ya fashe. Tana kuka tana cewa, "Abba, ai waya kake dubawa." Wallahi babu abin da na iya ce mata.

Da dare na zauna na yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na duba waya, mita 50 ke nan na yi ido rufe. A babbar hanya, in kana kan 100, daƙiƙa biyar ta kai ka kusan mita 140, ya fi tsawon filin ƙwallo. Kuma dukkanmu muna yi, duk da mun san dokar hanya ta hana, 'yan Road Safety suna kamawa a kai.

Daga nan na fara bincike. Abin da sababbin motoci ke zuwa da shi iri biyu ne: Apple CarPlay ga masu iPhone, wanda aka fito da shi a 2014, da Android Auto na Google, wanda ya shiga motoci a 2015. Abin da ban sani ba a da shi ne, aikin duk waya ce take yi. Taswira, kira, saƙo, karatu ko waƙa, duk a cikin wayarka suke gudana, allon motar nuna maka kawai yake da manyan haruffa, sifikun motar su fitar da sauti, makirfo ya ɗauki muryarka. Ma'ana tsufan inji ba ya hana a sa wa mota shi. Su kansu kamfanonin ba tare suka karɓa ba. Toyota sai a motocin 2019 ta fara sa CarPlay, don haka ko Camry ƙirar 2016 kake ja, ba ta zo da shi daga kamfani ba. Mazda kuwa a 2018 ta ba masu wasu motocinta na baya damar su kai wa dila ya ƙara musu. Mu nan ba mu da wannan gatan, kasuwa ce dilanmu.

Hanya uku na gani. Ta farko, ɗan abin nan da ake soka wa a ramin caji, ya haɗu da waya ta Bluetooth, ya tura sautin zuwa rediyon motar ta wata tashar FM da babu kowa a kanta. Shi na fara saya, don ya fi araha. Yana aiki, amma a cikin gari tashoshi sun yi yawa, shuuu ɗin ba ya ƙarewa, wanda ka kira kuma ya riƙa cewa kamar daga cikin rijiya kake magana. Ta biyu, ƙaramin allo mai zaman kansa da ake mannawa a saman dashbod, a ja waya zuwa ramin AUX. Wannan ba ya taɓa wayarin ɗin mota ko kaɗan, sai dai yana tare gaba, yana shan rana, ɓarawo kuma daga nesa yake hango shi. Ta uku ita ce a cire rediyon gaba ɗaya a sa sabo. Ramin rediyon mota yana da ma'auni da aka sani: faɗin santimita 18 da tsayin 5, ko ninkinsa mai tsayin 10. Motoci da yawa sai an haɗa da firam ɗin da aka yi don su. Wasu kuma suna da wahala: Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda muke kira EOD, rediyonta da maɓallan AC a haɗe suke, in aka yi garaje sai a gyara kiɗa a ɓata sanyi.

Na zaɓi ta uku. A nan ne na yi kuskuren da nake so ku kauce wa.

Na je kasuwa wajen wani yaro mai shago, ya ce, "Alhaji, ga Android, shi kowa ke sawa." Ni kuma na ɗauka Android ɗin nan shi ne Android Auto. Ashe ba ɗaya ba ne. Yawancin allunan da ke kasuwa ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, kamar babbar waya aka dasa a dashbod, tana da nata manhajojin. Wasu suna iya haɗuwa da CarPlay ko Android Auto ta wata manhaja da ke ciki, wasu ba sa iyawa sam. Kuma abin da aka rubuta a kwali ba lallai ne shi ke ciki ba. Masu arha da yawa ana gyara musu rubutu su nuna ƙarfin da ba su da shi. Nawa dai na yi sa'a yana haɗuwa, amma sai ka kunna mota ka kai bakin titi kafin ya gama farkawa. Kuɗin da na ajiye a shagon nan ya kusa rabin albashina na wata.

Wanda ya sa mini bai yi minti arba'in ba. Ina tsaye na ga ya ɗauko filaya ya datse soket ɗin motar na asali, ya murɗa wayoyi ya naɗe da salatif. Na ce, "Malam, wannan yankan ba matsala?" Ya ce, "Haba Alhaji, kullum shi muke yi." Da ya gama sai ya kunna mini fim a allon, yana murmushi, ya ce ko ina tafiya zai ci gaba da yi. A lokacin har daɗi na ji.

Bayan kwana biyu, da motar ta kwana ta wuni ba a tashe ta ba, na murɗa makulli da safe, ƙas-ƙas, shiru. Maƙwabta suka tura ni. Na ce batir ne ya tsufa, na sayi sabo. Sati bai cika ba shi ma ya kwanta. Maɓallan sitiyari na ƙara murya da ragewa kuma tun ranar farko suka daina aiki. Uwargida ta ce, "Abban yara, motar nan lafiyarta ƙalau kafin ka sa mata talabijin." Gaskiya ta faɗa.

Wani abokin aiki ne ya kai ni wajen wani dattijo mai gyaran wayarin. Ya zaro allon, ya duba bayansa, ya girgiza kai. Ya nuna mini wayoyi uku. Rawaya ita ce mai wuta kullum daga batir, don na'urar ta riƙe agogo da abin da aka saita. Ja ita ce mai kawo wuta sai an murɗa makulli, ita ke gaya wa na'urar ta tashi ko ta kwanta. Baƙa kuma ta jikin ƙarfen mota ce. Yaron nan ya haɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar kullum, don haka ko na kashe mota na shiga gida, fuskar allon ce kawai take duhu, cikinsa yana nan yana shan batir har gari ya waye. Ya ce, "Yallaɓai, ka gode wa Allah batir kawai ka rasa. Murɗin nan da salatif, in zafi ya narkar da shi wayoyi suka haɗu, wani lokacin fis ne zai ƙone, wani lokacin motar ce." Ya ce akwai soket na musamman da ake sayarwa ga kowace irin mota, gefe ɗaya ya shiga na motar, ɗaya ya shiga na allon, ba a yanka komai. Wasu motocin kuma, musamman na baya-bayan nan, sai an ƙara wani ɗan akwati da ake kira kanbos kafin maɓallan sitiyari su yi magana da sabon allon. Tawa ba ta buƙace shi ba, wayoyi biyu ne kawai aka bari a lilo. Ya yi mini aikin da dalma, ya ɗora makirfo kusa da madubi, na biya kuɗin aiki karo na biyu.

Sai maganar fim. Dattijon ya nuna mini wata waya da ya kamata a haɗa da birkin hannu, yadda hoto ba zai yi motsi a allon ba sai mota tana tsaye. Masu sawa da yawa suna haɗa ta da jikin ƙarfe, ko su kashe tsarin daga ciki, na'urar ta ɗauka kullum a tsaye kake. Ban ce ya gyara ba a ranar, na ce yara za su riƙa kallo. To ran nan muna dawowa daga unguwa da daddare, yara suna kallon wani shiri a allon, na kama kaina sau uku ina satar kallo. Allon yana daidai gefen idona, hasken yana ja na. Na tuna leɓen yarinyar nan. Na kashe kuɗi don in daina kallon ƙaramin allo, na ƙare da kallon babba. Washegari na koma aka haɗa wayar birkin yadda ya kamata.

A nan na gane dalilin da ya sa CarPlay da Android Auto suka zo a takure. Gumakan manya ne, jerin abubuwa gajere ne, saƙo karanta maka ake yi da murya, ba a barin fim ya yi kana tafiya. Da na ɗauka rowa ce. Amma wannan takurar ita ce amfanin abin. Allon kasuwa da ke buɗe maka YouTube da TikTok kana kan titi ya fi wayar hannunka haɗari, domin ita wayar ko ba komai kana jin kunyar a gan ka da ita.

Yanzu wata shida ke nan ina amfani da shi, kuma ba zan ce kuɗina ya tafi a banza ba. Ina shiga mota waya ta haɗu, in jefa ta cikin aljihun ƙofa. Kira ya shigo, in latsa a sitiyari, hannuna biyu suna inda suke. Kyamarar baya da aka haɗa mini ita ce abin da na fi jin daɗi, domin layinmu cike yake da yara, kuma ba banza ba Amurka ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota tun watan Mayu 2018. Akwai kuma inda abin bai kai ba. In aka turo saƙon WhatsApp da Hausa, muryar da ke karantawa tana yi masa karatun Turanci, sai dariya ta kama ka ba ka fahimci komai ba. Zafin watan Afrilu yana sa allon ya riƙa daskarewa in motar ta wuni a rana. Haɗawa ba tare da igiya ba kuma tana cinye cajin waya tana ɗumama ta, don haka a doguwar tafiya igiyar nake sokawa.

Taswira ma a yi hattara da ita. Na saba sauke ta a waya tun daga gida saboda wuraren da babu sabis. Amma ita gajeriyar hanya ta sani, ba ta san inda ake tare mutane ba. A halin tsaron da muke ciki, in ta ce ka saki babban titi ka yanki daji don ka rage minti ashirin, kar ka bi. Ka tsaya a tasha ka tambayi direbobin haya.

Ga wanda yake da niyya, shawarata kaɗan ce. In kira da sauraron karatu kawai kake so, ƙaramin abin Bluetooth ya ishe ka, ka bar kuɗinka ka sayi taya. In allon kake so, ka haɗa wayarka da shi a shagon ka ga ya yi aiki kafin ka biya. Kar ka yarda a yanka maka waya ko ɗaya, a nemo soket ɗin motarka. A gwada maɓallan sitiyari a gabanka, a kashe mota a zare makulli ka tabbatar na'urar ta mutu. Ka karɓi tsohon rediyonka ka ajiye, ranar sayar da mota zai yi maka rana. In mai sawa ya ce zai buɗe maka fim kana tafiya, ka ce masa ka gode, ya bar shi a rufe.

Ita kuwa 'yar tawa, har yau in waya ta yi ƙara muna cikin mota sai ta leƙo ta ga ina hannuna yake. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya kawo mana sauƙin rayuwa. Wanda ya taɓa sawa a Camry ko EOD ya faɗa mana yadda ta kaya da shi, wasu za su amfana.