Sunan uban da na goge

A gidanmu na Ƙofar Ruwa riƙo tsohon abu ne. Ni kaina a ɗakin gwaggona na tashi, ita ta yaye ni, ita ta aurar da ni, kuma ban taɓa ruɗewa game da wanda ya haife ni ba. Haka Bahaushe ya san riƙo: yaro ya ƙaru da uwa, ba a rage masa kowa ba. Na san wannan sarai, amma da abin ya zo kaina sai na karkata.

Muna zaune a Ingila ni da maigidana, aure ya yi nisa, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ana cikin haka yayana, mai sayar da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya rasu ya bar jaririya. Bayan matarsa ta fita takaba Hajiyarmu ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ga 'yar ɗan'uwanki, ki ɗauka ki riƙe." Uwar yarinyar ta amince tana kuka, da sharaɗin za a riƙa kawo mata ita.

Sai maganar biza ta taso. Hukumomin can ba su cika sanin 'yar riƙo ba, sun fi sanin 'yar cikinka ko wadda kotu ta mallaka maka bayan dogon bincike. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ke tsara ɗaukar yara tsakanin ƙasashe, don haka hanyar ta ƙara tsawo. Na ƙosa. Wani ya ce zai samo mana takardar haihuwa da sunan maigidana a gurbin uba, nawa a gurbin uwa. Maigidana ya ja baya, ni na matsa masa. Na ce ai takarda ce kawai, jinina ce, wa na cuta?

Na cuci mamaci, na cuci uwa mai rai, na cuci yarinyar. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin Zaidu ɗan Harisa, wanda aka daɗe ana jingina shi ga Annabi (SAW) har ayoyin Suratul Ahzab suka sauka, aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Musulunci ya kwaɗaitar da riƙon maraya matuƙa, abin da ya hana shi ne sauya nasaba, saboda gado da muharramaka da waliccin aure duk a kanta suke rataye. Maigidana ba muharraminta ba ne, tunda ban shayar da ita ba. Ba za ta gaje shi ba, sai dai ya yi mata kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Duk wannan na ture shi gefe saboda ina son a kira ni mahaifiya ba tare da wani ƙarin bayani ba. Wannan shi ne ainihin dalilin, bizar hujja ce na samu.

A 2019, da aka gano yaran Kano da aka sace aka kai Onica aka sauya musu suna, na yi ta Allah wadai kamar kowa. Da dare kuwa barci ya gagare ni. Ban saci kowa ba, amma ni ma na ɗauki yarinya na shafe sunan ubanta. Da Ingila ta dakatar da ɗauko yara daga Najeriya a 2021, tana kafa hujja da takardun bogi da fataucin yara, na san irin takardarmu na cikin abin da ya toshe wa masu gaskiya hanya.

Asirin ya tonu ne wajen rabon gado. An jinkirta sayar da rumfar yayana shekaru, ranar da aka zauna malamin da ke rabon ya nemi shaidar magada, sai ga takarda tana cewa 'yarsa tilo 'yar wani ce. Dattawan unguwa suka tsaya suka shaida, haƙƙinta bai salwanta ba. Amma a tsakar gidan nan yarinyar ta ji komai daga bakin da ba nawa ba. Ta dube ni ta ce, "Mama, to wace ce ta haife ni?" Uwarta na zaune a gefe, matar da na koya mata ta riƙa kira Anti.

Na durƙusa na roƙi matar yayana gafara a gaban mutane. Ta ce, "Na ba ki riƙo ne, ban ce ki binne ni da rai ba." Ta yafe daga baya, ba a ranar ba.

Yanzu muna hannun lauya kan gyaran takardun, kuma an gaya mana gyaran na iya taɓa izinin zamanta da namu. Mun yarda a ci gaba. Yarinyar tana waya da mahaifiyarta duk Juma'a, ta kuma nemi a kai ta kabarin babanta idan mun zo hutu. Da ni har yau maganarta a taƙaice take.